Zakari Mai Gunduwa da Taken da Ya Tafi da Shi

Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gidana a Nguru, na jiƙa fatar akuya zan sake wa gangata baki, sai waya ta yi ƙara. Habu ne, babban ɗan Zakari, yake kira daga Gashuwa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba Ali, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazu, bayan an fito daga sallar asuba." Na yi salati, na sake yi, sannan na roƙe shi kada su kai shi makwancinsa sai na iso. Duk wanda ya ga Zakari a watannin nan ya san ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa, ciwon nan da ya hana gidaje da yawa a Gashuwa sakat. Mun san abin yana tafe, amma sanin bai rage mini komai ba. Na shiga motar farko da na samu a tasha.

Ga wanda bai san shi ba, Zakari makaɗin kokawa ne. Gunduwa yake kaɗawa, ganga mai kaurin murya wadda ake kiran 'yan kokawa da ita su fito fili. Kowane ɗan kokawa da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da aka tsara masa shi kaɗai, wanda in ya ji shi jikinsa yake tashi ko da barci yake yi. Zakari ne ke kaɗa wa 'yan Gashuwa, ni ke kaɗa wa 'yan Nguru. Tun muna samari kowace kaka muke fuskantar juna a fili, shi a gabas ni a yamma, har furfura ta kama mu. Ban taɓa samun abokin gaba irinsa ba, ban kuma taɓa samun amini irinsa ba. In na sauka gidansa, kafin a kawo ruwa zai ce, "Na Nguru, ku dai tun da jirgin ƙasa ya daina zuwa garinku ba ku sake ɗaga abu mai nauyi ba." Ni kuma in ce masa 'yan Gashuwa ba ƙarfi gare su ba, santsin tarwaɗa ne kawai ya bi musu jiki. Daga nan sai a kawo tuwo.

Akwai wata ɗabi'a tasa da 'yan kallo suka daɗe suna ƙorafi a kai. In aka yi kaye, fili ya ruɗe da ihu, Zakari ba ya taɓa ganga sai wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Ko ɗan garinsu ne ya yi kayen, sai ya ɗora tafin hannunsa kan fatar ya jira. In an matsa masa sai ya ce, "Wanda ke ƙasan ma ɗan wani ne." 'Yan kokawar da ke zuwa daga Nijar a zaurensa suke kwana, shi da kansa yake ɗebo musu ruwan wanka. Wata shekara a Machina zazzaɓi ya kwantar da ni ana gab da fara wasa. Zakari ya ɗauki gangata ya kaɗa wa yarana takensu, ya kuma kaɗa shi tsakani da Allah, har ɗan Nguru ya kayar da ɗan Gashuwa. Mutanensa suka yi kwanaki ba sa amsa gaisuwarsa. Da na ce masa ya yi wauta, sai ya ce, "Ganga ba ta da ido, shi ya sa ake ba mai ido ya riƙe ta."

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, Zakari yana da kafiya. In ya ce a'a, ko duk ƙasar Bade za ta taru a ƙofarsa ba ya juyawa. Wannan kafiyar ce ta sa ake girmama shi, ita ce kuma ta cinye masa shekarunsa na ƙarshe, a kan maganar Gambo.

Gambo yaro ne maraya da ya tashi yana dako a kasuwar kifi. Zakari ne ya hango shi yana wasan kama-kama da sa'o'insa a bakin kogi, ya jawo shi, ya ciyar da shi, ya sa masa suna Dorina, ya kuma tsara masa take irin wanda ban taɓa jin ya yi wa wani ba. Ni da nake kaɗa wa abokan karawarsa, in aka fara taken nan sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ranar da aka fara kaɗa masa shi, Gambo ya durƙusa a gaban jama'a ya rantse ba zai taɓa shiga fili da kiɗan wani ba sai na hannun Baba Zakari. Ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba. Yara suna rubuta sunansa a bayan babur, mata suna sa shi a waƙar daka. Mu 'yan Nguru mun sha kunya a hannunsa har muka saba.

Sai aka zo shekarar da muka samo wani ƙato daga wajen Machina, aka sa ranar karawarsu. Tsoro ya kama Gambo, irin tsoron wanda bai taɓa faɗuwa ba. Wasu daga cikin masu bin sa suka kai shi wurin wani boka a wani ƙauye, bokan ya ce in yana so idon abokin karawarsa ya rufe ga barin ganin kamunsa, to ya nemi baƙin jaki ya zuba masa nonon tumfafiya da wani gari a idanu biyu. Akwai wani dattijo, Baba Maina, mai ɗiban yashi a bakin kogi, yana da baƙin jaki guda wanda da shi yake ci da iyalinsa. Ranar Juma'a ya ɗaure shi a gindin giginya ya tafi masallaci. Gambo ya je. Mutumin da ke ɗaga ƙato sama, jaki ɗaurarre ba zai gagare shi ba. Wasu mata masu wanki suka ji kukan dabbar suka rugo, suka tarar da shi ya maƙale kan jakin a hammata. Jakin bai sake gani ba.

Baba Maina ya kai ƙara. Gambo bai yi musu ba. Kotu ta same shi da laifin zaluntar dabba, ta ɗaure shi na wasu watanni, ta kuma sa ya biya diyya. Ba a yi karawar ba. A lokacin gari ya rabu biyu: masu jakai da mata da dattawa suna tsine masa, samari kuwa suna cewa, "Jaki ne fa, sai ka ce mutum ya kashe!" Zakari bai shiga bakin kowa ba. Abin da na sani shi ne duk mako yana kai masa fura gidan yari, kuma shi ya riƙe matar Gambo da 'yarsu har ya fito.

Da ya fito, kaka ta kusa, sai tsinuwar ta fara sanyi. Gashuwa ta sha kaye a hannunmu a bayansa, kuma babu abin da ke sa 'yan kallo saurin yafiya kamar kaye. Wani Alhaji ɗan kasuwa, cikin masu ɗaukar nauyin wasa, ya jagoranci mutane zuwa zauren Zakari. Ina wurin, na zo gaishe shi. Alhajin ya ce, "Malam Zakari, yaron nan ya yi zamansa, ya biya, Baba Maina da bakinsa ya ce ya yafe, har ya sayi wani jakin. Allah ma muna yi masa laifi ya yafe. Ka kaɗa masa takensa."

Zakari ya ce, "Alhaji, Maina asararsa ya yafe. Idon na wane ne?"

Wani saurayi daga baya ya ce, "To Baba, jaki za mu je mu roƙa?" Aka kwashe da dariya. Zakari bai yi dariya ba. Ya dubi Gambo da ke rakuɓe a bakin ƙofa ya ce, "Ni ba na gaba da kai, gidana gidanka ne. Amma take kirari ne, kuma ba zan yi maka kirari a gaban yara ba alhali wanda ka zalunta yana tsaye cikin duhu. Ka je wurinsa. Ranar da ya ci abinci a hannunka, wallahi ranar zan kaɗa maka."

Da ya rako ni, a hanya na ce masa, "Zakari, ka yi rantsuwa a kan zuciyar jaki? Ka san abin da ka ɗauko?" Ya ce dabba ba ta da riƙo kamar mutum, kafin kaka ta wuce an gama. Ya yi imani da haka har zuciyarsa. Ƙofa yake ganin ya buɗe wa yaron, ta inda zai koma fili da mutuncinsa.

Gambo ya karɓi sharaɗin. Baba Maina bai sayar da makahon jakin ba, ya bar shi ɗaure a bayan gida don tausayi. Kowace la'asar Gambo zai tashi daga dako, ya sayi dusa da harawa, ya tafi can. Jakin yana ci a hannun jikokin Baba Maina, yana ci a hannun kowane baƙo. Amma da Gambo ya doso, tun bai kai ga danga ba, sai ya miƙe kunnuwa, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ja igiya har ta yanke masa wuya. Gambo zai ajiye ƙwaryar ya koma nesa ya tsuguna, sai ya tafi sannan jakin ya ci. Kaka ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na taɓa bin sa na gani da idona, na dawo da ciwon kai.

Masoyan Gambo ba su iya jira ba. Suka ba shi shawara ya sa tsohuwar rigar Baba Maina wadda ta sha gumi, ya je shiru. Ya sa, ya je, suna laɓe a bayan danga su zama shaidu. Jakin ya shinshina, ya matso, ya sa baki a ƙwaryar. Daɗi ya kama Gambo ya ce, "Alhamdu lillahi." Da jin muryar, jakin ya tsinke igiya ya faɗa kan danga. Samarin suka ruga gidan Zakari suna ihu ya ci, ya ci. Gambo ya biyo su da rigar a hannu, ya durƙusa ya ce, "Baba, kada ka ji tasu. Ba a hannuna ya ci ba, a hannun Baba Maina ya ci." Habu ya gaya mini ranar nan mahaifinsu ya shiga ɗaki ya yi kuka, abin da ba su taɓa gani ba.

Daga nan gari ya juya wa Zakari baya. Mutumin da in ya ratsa kasuwa ake miƙewa, ya zama ana nuna shi da baki, ana cewa tsohon da ya fifita jaki a kan ɗan'adam. Aka daina gayyatarsa wasa, aka kawo wani makaɗi. Akwai ranar da aka lallaɓo Gambo ya zo kallo, sai suka saki tsohon kaset ɗin takensa a lasifika. Ina ɗaya gefen ina kallonsa. Ya zabura ya miƙe, ƙafafunsa suka fara taku da kansu, fili ya ɗauki sowa. Sai ya tsaya cak, ya toshe kunnuwansa, ya ratsa jama'a ya fita. Waɗanda suka yi masa sowa su ne suka bi shi da jifan ɓawon rake.

Sannan suka yi abin da ya kashe maganar gaba ɗaya. Wasu cikin masoyan suka zauna suka yi tunani irin nasu, suka ce ai jakin ne matsala, in babu shi babu sharaɗi. Baba Maina ya tsufa, ciyar da dabbar da ba ta aiki ya yi masa nauyi. Suka lallashe shi ya sayar musu, suka ce gona za su kai shi ya huta. Ranar kasuwa suka miƙa shi ga masu lodin jakai zuwa kudu, waɗanda fatar kawai suke so. Da la'asar Gambo ya zo da ƙwaryarsa ya tarar da turke babu kowa. Ya hau babur ya bi hanyar da aka ce motar ta bi, har dare ya yi masa bai cim mata ba. Su kuwa suna can ƙofar Zakari suna murna, wai sun zo da albishir. Zakari ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Ƙofa ɗaya gare shi, kun tashi kun toshe ta da ƙasa. Allah ya isa tsakaninku da yaron nan." Ya shiga gida. Bai sake rataya gunduwa ba.

Ni dai ra'ayina ban ɓoye masa ba. Na ce Gambo ya tuba tuban da ban taɓa ganin irinsa ba, don haka shi Zakari ya yi kaffarar rantsuwarsa ya kaɗa masa. Malamai ma sun gaya masa kaffara ta halatta. Ya ce ba rantsuwar ke damunsa ba. In ya kaɗa yanzu, me ya koya wa yaran gari? Cewa in wanda ka zalunta ya ƙi yafewa, sai a kau da shi a ci gaba da biki. Har yau nakan zauna in auna: ga yaro da ƙarfinsa ya tsiyaye a banza, ga dabba da aka makantar sannan aka yanka saboda soyayyar 'yan kallo. Mu da ke cika fili ba tuba muke jira ba, kaye muke jira. Da Gambo rago ne da ba wanda zai yafe masa, da kuma ba wanda zai damu ya jefe shi.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, ƙafafunsa sun kumbura, an shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya. Ya yi ƙoƙarin tsokanata da maganar jirgin ƙasa, numfashi bai bar shi ya kai ƙarshe ba. Can ya ce, "Ali, magana zarar bunu ce. Na so in ɗaga yaron nan ne, sai na ɗaure shi." Na matso na ce, "To ka sake shi mana. Ko ba ka iya riƙe ganga, ka ce ka sake shi, ni zan kai masa, in ya yarda ni zan kaɗa masa." Sannan ya ce, "Da a hannuna yake, da tuni."

Ranar jana'iza mutane sun taru fiye da yadda na zata, har da waɗanda suka yi shekaru ba su gaishe shi ba. Da aka ɗaga makara, Gambo ya kama gaba ta dama. Ana karɓar juna kamar yadda aka saba, shi kuwa duk wanda ya zo karɓarsa sai ya girgiza kai. Haka ya kai shi har bakin kabari. Na dube shi da kyau a wurin: wuyan nan ya zube, furfura ta fara fito masa a gemu, gwiwa ɗaya tana ja. Ko yau aka kaɗa masa, yaran yanzu ba za su bar shi ya kai zagaye biyu ba. Shi ma ya sani. Ba fili yake nema ba kuma.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, ya zo ya tsuguna a gefen tabarmata. Ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar rashi. Sannan ya ce, "Baba Ali, an ce kai ne na ƙarshe da ya yi doguwar magana da shi. Ya bar mini wani saƙo?"

Allah ya sani na so in ce masa ya sake ka. Kalma uku ce, ba mai ƙaryata ni, kuma da ya samu barci. Amma mutumin da ya dawo da rigar Baba Maina a hannu ba a yi masa haka, ba a kuma yi wa Zakari haka kwana uku da rufe shi. Na gaya masa abin da aka ce, yadda aka ce shi, ban ƙara ba ban rage ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa." Sannan ya sake cewa, "To ni yanzu wa zan je wurinsa?" Ya jira ni kaɗan, sai ya ce a gafarce shi, motar kifi ta iso ana neman masu sauke kaya. Ya sa takalmansa ya tafi.

Ya Allah, ga bawanka Zakari ya zo gare ka, ba shi da ganga ba shi da jama'a. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. In kafiyarsa gaskiya ce ka saka masa, in kuskure ce ka san da kyakkyawar niyya ya yi, ka shafe masa. Ka ba Ya Falmata, matarsa, haƙurin wannan rashi, ka rufa wa Habu da ƙannensa asiri, ka haɗa kansu. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.

Kuma ya Ubangiji, malamai sun gaya mana akwai ranar da za ka tsayar da kowace halitta ka bi mata hakkinta, har wadda ba ta da bakin kai ƙara. A nan duniya duk wanda Gambo zai roƙa ya tafi. Ka ji ƙansa a ranar nan, ka sanyaya zuciyar abin da ya zalunta. Amin.